Zanen Aro da Ranar Agadas: Sharhi a Kan Hijabin Yau da Kullum

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a ƙofar wata koleji a Agadas da tsakar rana cikin watan Mayu, lokacin tashin ɗalibai, zai ga abin da ba a saba gani ba shekaru 40 da suka wuce: ƴan mata birjik, kusan kowace da hijabinta. Idan ya ƙara lura, zai ga wata ta cusa yatsa ƙarƙashin haɓa tana sassauta bakin hijabin, wata ta kama gefensa tana fifita, wata kuma ta tattare shi ta saɓa a kafaɗa kafin ta hau kabu-kabu. Waɗannan ƴan motse-motse su ne hukuncin da jiki ke yanke wa tufa, kuma su ne suka jawo wannan sharhi.

Ya kamata tun da farko a faɗi iyakar maganar. Hukuncin sutura fage ne na malaman addini, mu kuwa ba shi muka nufa ba. Abin da za mu auna shi ne hijabi a matsayinsa na abin da aka saƙa, aka yanka, aka ɗinka, aka kai kasuwa, sannan wata baiwar Allah ta saya ta wuni a cikinsa. Kamar yadda ake yi wa waƙa ko wasan kwaikwayo tarke, haka tufa ma ta cancanci a tambaye ta: don wa aka yi ki, kuma kin biya buƙatarsa? Ra'ayinmu shi ne, akasarin hijaban da suka cika kasuwarmu an yi su ne ba tare da an tuna da ranar Agadas ba, alhali kuwa garin nan yana da ilimin lulluɓi nasa na kansa, wanda ya san wannan ranar sarai.

Lulluɓi ya girmi hijabi

Kuskuren da ya kamata a fara kawarwa shi ne zaton cewa matan ƙasar nan ba su san rufe jiki ba sai da hijabin tela ya zo. Tarihi bai yarda da haka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har nan Agadas, ya umarci jama'arsa maza da naɗa rawani, mata kuma da yin lulluɓi. Al'amarin ya yi ƙarfi har Sarkin Gobir Nafata ya yi shelar hana rawani da mayafi a ƙasarsa, ƴan shekaru kafin hijirar Shehu ta 1804. Wato fiye da shekaru 200 ke nan mayafi na da ma'ana mai nauyi a wannan yanki. Haka kuma duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san abin da ta shimfiɗa game da tufafin sallar mace: doguwar riga mai kauri da ke rufe bayan ƙafafu, da mayafin rufe kai. An faɗi sharaɗi, an bar wa kowace ƙasa ta cika shi da abin da masaƙanta da marinanta suka iya.

Abzin ta cika shi da nata salo. A al'adar Abzinawa namiji ne ke rufe fuska da rawanin da ake kira tagelmust, mace kuwa tana rufe kai da jiki, ta bar fuska a buɗe. Mayafinta ƙyalle ne mai faɗi, ba a matse shi da ɗinki ba. Tana iya jawo shi gaba idan ta haɗu da suruki ko baƙo, ta sassauta shi idan ta zauna cikin ƴan uwanta mata. Na ranar biki shi ne alasho, baƙin saƙi mai ƙyalli da ake haɗawa da siraran ƙyallaye, a rina da baba, a buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya. Garin Kura ta ƙasar Kano ya yi suna da wannan aiki, kuma ayarin Kel Ewey da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma su ne ke kai su Damagaram da Kano, su komo da hatsi da tufafi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850 kafin ya isa Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa har Gat da Murzuk da Tumbutu.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya ishe mu shaida a kan zurfin wannan ilimi. Maƙeran Abzinawa na ƙera wani ƙarfe mai siffar mabuɗi, da baƙin ƙarfe da tagulla da jan ƙarfe, ana kiransa asaru n swul. Mace kan ɗaura shi a kusurwar mayafinta ta jefa bayan kafaɗa, nauyinsa ya riƙe mayafin kada iska ta kwashe shi. A nan ado da amfani sun zama abu guda. Wanda ya ƙera shi ya san iskar hunturu, ya san mai mayafin na buƙatar hannuwanta biyu don aiki, ya kuma san ba ta son a shaƙe mata wuya. Allura goma ta zamani ba ta warware matsalar da wannan mabuɗi ɗaya ya warware ba.

Yadda sabon ɗinki ya shigo

Hijabin da muka sani yau, mai zagayayyen bakin fuska wanda ake zurawa ta ka ya sauka har gwiwa ko idon sawu, baƙo ne na baya-bayan nan. Ya bazu a arewacin Nijeriya tare da wa'azin ƙungiyoyi irin su Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da kuma makarantun Islamiyya na matan aure. A Nijar kuwa, inda tun 1974 ƙungiyar addinin Musulunci guda ɗaya ce gwamnati ta amince da ita, Babban Taron Ƙasa na 1991 ne ya buɗe ƙofa, ƙungiyoyi suka yawaita, hijabi ya hau hanyar Maraɗi da Damagaram ya iso arewa. Ousseina Alidou a littafinta na 2005 kan matan Musulmin Nijar, da Adeline Masquelier a nata na 2009 kan Dogon Dutsi, duk sun yi nazarin wannan zamani, sun kuma nuna cewa matan ba ƴan kallo ba ne a cikinsa: su ma sun zaɓa, sun yi gardama, sun sarrafa abin yadda ya dace da su.

Adalci ne a faɗi alherin wannan hijabi. Ya fitar da mata da yawa zuwa makaranta da kasuwa da asibiti cikin natsuwa. Ba ya buƙatar naɗi, ba ya zamewa, ko yarinya ƴar shekara 7 na iya zura shi da kanta. Yana rufe tsohuwar riga da sabuwa daidai wa daida, ta haka ya rufa asirin talaka a cikin aji. Bayan karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, lokacin da atamfa mai kyau ta gagari gidaje da dama, wannan rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ya zo a daidai lokacin da masaƙun yankin ke durƙushewa. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Kantin Kwari na Kano, inda ƴan kasuwarmu ke saro kaya, ya cika da yadin roba na ƙasar Sin. Saboda haka siffar hijabi ta fito daga wa'azi, amma yadinsa arha ce ta zaɓe shi. Ba malami ba ne ya ce a yi shi da foliyesta, ba kuma likita ba.

Ma'auni na farko: yadi

A Agadas zafin rana kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu da Yuni, iska kuma busasshiya ce. A irin wannan yanayi hanyar da jiki ke sanyaya kansa ita ce gumi ya fito ya bi iska. Tufar da ta taimaki wannan aiki abokiya ce, wadda ta tare shi kuwa nauyi ce. Zaren auduga na iya riƙe danshin da ya kai kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, na foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. Idan aka saƙa foliyesta da matsi, kamar yadda ake yi wa yawancin yadin hijabi, gumi kan tsaya tsakanin fata da ƙyalle. Daga nan ake samun ƙurajen zafi a wuya da bayan kunne, da ƙaiƙayin kai, da warin da sabulu ba ya fitarwa da sauƙi, domin maiƙon jiki na manne wa zaren roba fiye da na auduga.

Masu sayar da shi za su ce ba ya yamutsewa, ba ya kodewa, yana bushewa nan da nan, ba ya kuma cin ruwa wajen wanki. Gaskiya suka faɗa, kuma a garin da ake bin layin famfo da bazara babu mai raina wannan. Amma sauƙin wanki na minti 10 ne, zaman cikin hijabi kuwa na wuni guda.

Game da launi, an daɗe ana cewa baƙi zafi gare shi, fari sanyi. Maganar na da gyara. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken wasu masana huɗu da suka nemi sanin dalilin da ya sa Larabawan ƙauye na Sina'i ke sanya baƙaƙen riguna cikin hamada. Sun tarar baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafin rana, amma zafin da ke isa fata ɗaya ne, domin rigar na da yalwa, iska na ratsawa tsakaninta da jiki tana kwashe zafin. Kakanninmu masu alasho da baƙin rawani ba su yi kuskure ba ke nan. Sai dai darasin na yalwa ne da saƙa mai numfashi. Baƙin yadin roba da ya lafe a fata bai shiga cikin wannan rangwame ba.

Mai saye na iya gwada yadi ba tare da ta dogara da bakin mai kanti ba. Ta ɗiga masa ruwa: auduga na shanyewa, roba kan bar ɗigon ya tsaya ko ya gangare. Ta kara shi a baki ta hura, ta ji ko iska na fita ta ɗaya gefen. Ta ɗaga shi ga hasken rana don ta tabbata ba shara-shara ba ne. Idan an ba ta ɗan zare, ta kusanta shi da ashana: auduga kan ƙone da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Ma'auni na biyu: ɗinki

Aibin da ya fi yawa a hijabin kasuwa yana wajen bakin fuska. Don a ɗinka girma ɗaya da zai shiga kowane kai, sai a sanya roba mai tsuke haɓa da goshi. Mai sanye da shi kan wuni da shaida a fuska, wani lokaci da ciwon kai. Ƙarƙashinsa kuma ga hular ciki, ga ɗankwali, ga kitso: hawa uku ko huɗu a kan wurin da ya fi ko'ina buƙatar iska. Telan da ya san aikinsa kan auna fuskar mai hijabin, ya sanya igiyar ɗaurewa ta baya wadda za a iya sassautawa, ya kuma yi wa goshi shafi da auduga ko da sauran jikin na wani yadi ne.

Akwai kuma hijabin roba mai talewa da ƴan mata ke so saboda yana zama daram. Wannan ya faɗi jarrabawa biyu a lokaci guda. Yana lafewa a jiki ya hana iska wucewa, yana kuma bayyana surar kafaɗa da ƙirji, abin da malaman fiƙihu suka ce tufar sutura ta guje masa. A nan ne mai nazari zai lura da wani abin sha'awa: sharaɗin malamai na cewa tufa ta zama mai yalwa marar bayyana jiki, shi ne dai sharaɗin da hamada ta gindaya. Mai neman sutura da mai neman sanyi ƙyalle ɗaya suke nema.

Salon naɗa gyale da allurai, wanda ƴan mata ke koya daga bidiyon waya, yana da kyau a ido, ba mu musa ba. Amma an tsara shi ne a Istambul da Dubai da Kuwala Lumfur, don matan da ke fita daga mota mai sanyi su shiga ofis mai sanyi. Naɗi uku a wuya, a cikin ajin da aka rufa da kwano, azaba ce da aka yi wa kwalliya. Lafaya, wadda matan Larabawa da Tubawa da Barebari suka saba da ita, ta fi shi sanin ƙasar nan nesa ba kusa ba, matuƙar an yi ta da auduga marar nauyi. Aibinta kawai shi ne tana son hannu ya riƙa gyara ta.

Ma'auni na uku: aiki

Tufar yau da kullum ana auna ta ne da ayyukan yau da kullum. Matar Agadas na hawa kabu-kabu, tana girki da gawayi ko gas, tana goyo, tana ɗaukar ruwa, tana rubutu a allo, tana yi wa marar lafiya allura. Hijabi mai jan ƙasa a bayan babur haɗari ne da kowa ya sani: bakinsa na iya shiga tsakanin ƙafar babur da sarƙa ya fizgo mai shi ta wuya. A bakin murhu kuma yadin roba ya fi muni, domin idan wuta ta kama shi narkewa yake yi ya manne a fata. Hijabin da ba shi da hannu kan tilasta wa mai aiki ta tattare shi a wuya, sai ga zafi ya ƙaru, suturar da aka nema kuma ta tafi.

Ashe ke nan hijabi ɗaya ba zai yi kowane aiki ba, kamar yadda manomi ba ya shiga gona da babbar riga. Na masallaci da unguwa na iya zama dogo. Na makaranta da wurin aiki ya tsaya a gwiwa ko sama da ita kaɗan, a kan doguwar riga mai yalwa, da hannuwa masu maɓalli ko tattara a wuyan hannu. Na bakin wuta ya zama gajere, na auduga zalla. Na hunturu, lokacin da sanyin asuba ke ratsa ƙashi a watan Janairu, shi ne ya cancanci yadi mai kauri.

Ina masu zanen kaya?

Abin takaici shi ne yadda gwanayen ɗinki suka bar wannan fage ga ƴan sari. A watan Nuwamba na 1998 Alphadi ya buɗe bikin nuna tufafin Afirka na FIMA a gindin duwatsun Tigidit, kusa da Agadas, duniya ta zo ta ga shuni da azurfar Abzin. Da aka sake bikin a Yamai a 2000, ƙungiyoyin addini suka yi zanga-zanga, rikicin ya kai har Maraɗi. Tun daga lokacin aka zama kamar sansani biyu: masu ganin ado fitina ne, da masu ganin hijabi koma baya ne. Wadda ta yi asara a tsakani ita ce malamar makaranta da ke son ta rufe jikinta, ta yi kyau, ta kuma sha iska. Dandalin nuna kaya ya ɗauki alasho ya kai Faris, bai tambayi abin da ɗalibar lise za ta sanya ranar Litinin ba. Masu wa'azi kuma sun yi bayanin tsawo da faɗi, ba su cika tsayawa kan irin yadin ba.

Haka nan a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, saboda gine-ginen ƙasa da hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27. Muna alfahari da cewa maginanmu sun san yadda katangar laka ke tare zafi. To, hikimar da ta gina ɗaki mai sanyi ita ce ta yanka mayafi mai yalwa. Bai dace mu adana ta a jikin bango mu yar da ita a jikin mutum ba.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ba muna kira a koma ga alasho a cikin aji ba ne. Yana da tsada, shuninsa na zuba, ba a kuma yi shi don wanki kullum ba. Aro ma ba laifi ba ne, domin alashon kansa daga Kura yake zuwa. Bambancin shi ne, masaƙan Kura sun san don wa suke saƙa, har sukan bi abin da mai saye na Abzin ke so, masaƙar da ke fitar da yadin roba kuwa ba ta taɓa jin sunan Agadas ba.

Nauyi na farko yana kan malaman makaranta da kwamitocin iyaye, domin su ke tsayar da kayan ɗalibai. Idan za a faɗi launin hijabi, a faɗi irin yadinsa da tsawonsa, a kuma nemi shawarar malamai mata da su ɗaliban kafin a yanke. Yarinyar da ke fama da gumi da matsin haɓa a watan da ake shirin jarrabawar BEPC, rabin hankalinta na wuyanta. Darasin gwada zare da ruwa da ashana kuwa ya isa ya cika awa guda ta kimiyya, kuma ɗalibai za su kai shi gida.

Nauyi na biyu yana kan ƙungiyoyin al'adu. Su tara tsofaffin mata su nuna yadda ake yafa mayafi da sunan kowane salo, a rubuta da Hausa da Tamajak tun masu sanin na raye. Su haɗa teloli da maƙera da masu surfani, a gwada hijabin auduga mai bakin da ake sassautawa, mai ɗan nauyi a kusurwa irin na asaru n swul, da surfanin garin nan a gefensa. A lokacin Bianu ko taron Ingal, inda ake gasar ado, a ware kyauta ga hijabin da ya fi daɗin sanyawa, alƙalan kuma su zama matan da suka wuni a cikinsa suna aiki. Idan malama ta fito daga aji da tsakar ranar Mayu ba ta kai yatsa ƙarƙashin haɓa ba, telan da ya ɗinka mata ya ci gasar.